Wa Ya Raɗa Musu Lebura?

Kowane ɗalibi da ke zaune a sabon mazaunin jami'armu, a bakin hanyar Gwarzo, ya san motocin da kan wuce da sassafe cike maƙil da samari daga Gwarzo da Kabo da Rimin Gado. Da yawansu Sharaɗa suka nufa, ko Challawa, ko Bompai, inda za su wuni tsaye gaban injin saƙa tabarmar roba, ko na jima, ko na casar shinkafa. In ka tambayi ɗayansu sana'arsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Lebura ne ni a kamfani." Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Kalmar lebura ba tamu ba ce. 'Yan mulkin mallaka suka zo da ita sa'ad da suke neman masu ɗaukar ƙasa a ka domin shimfiɗa hanyar jirgin da ya iso Kano a 1911. Ta daɗa baƙin jini a 1942 zuwa 1944, lokacin da aka riƙa ɗiban talakawan Arewa ana tura su haƙar kuza a Jos da ƙarfi da yaji. Ma'anarta a bakin Bature ita ce mutumin da ba shi da komai sai ƙarfin ƙirji, wanda in ya faɗi yau, gobe a sa wani a gurbinsa. To, wannan sunan ne muka gāda, muka liƙa wa mutumin da ke sarrafa injin da kuɗinsa ya fi albashin ma'aikata ɗari.

Kakanninmu kuwa ba haka suka ɗauki mai sana'a ba. Sun ce masaƙi, sun ce marini, da maƙeri, da majemi, da baduku. Kowane suna yana faɗin abin da hannun mutum ya iya, kuma kusan kowace sana'a tana da sarkinta wanda ake naɗa wa rawani. Mai rini a Ƙofar Mata ba ya jin kunyar shunin da ke hannunsa. Ashe ba abin mamaki ba ne a ce majemin Majema yana da suna, amma jikansa da ke jeme ɗaruruwan fatu da inji a Challawa ba shi da shi?

Akwai masu cewa wannan duk surutun 'yan boko ne, talaka tuwo yake nema. Mun ji, amma su sani a masana'anta suna shi ke yanke tuwon. Abin da aka rubuta a gaban sunanka a littafin ma'aikata shi ne matsayinka, matsayin nan kuwa shi ne albashinka. Mai kamfani ya fi kowa sanin haka. In ya kira ka lebura, ya sami hanyar biyanka kuɗin yini, ya sallame ka ran da ya ga dama, ba sanarwa, ba sallama. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku, wadda ta bayyana irin aikinsa da ladansa. Mu nawa ne muka san wani ɗan garinmu da ya ga wannan takarda da idonsa?

Muna da ɗan'uwa daga wani ƙauye a ƙasar Kabo. Shekara tara ya yi a kan inji guda a wani kamfanin roba. Daga ƙarar injin kawai yakan gane abin da ya same shi, shi ne kuma ke koya wa sababbi. Ran da injin ya datse masa yatsu biyu, sai aka buɗe littafi aka ga lebura, aka ba shi kuɗin mota. Da ya je neman aure, abin da waliyyin yarinya ya tsaya a kai ke nan: "Lebura fa aka ce." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sa'an nan akwai wasu masu wayo, waɗanda suka gane suna yana da daɗi, sai su buga wa ma'aikaci wani dogon laƙabi na Turanci a katin wuya, albashi kuwa yana nan inda yake. Wannan romon baka ne, ba mu kuwa karɓe shi ba. Laƙabin da bai zo da takarda da ƙarin kuɗi da takalmin kariya ba, zolaya ce kawai.

Abin da muke kira a kai a fili yake. A kira kowa da aikinsa: masaƙin inji, majemin inji, mai sarrafa injin roba, ƙwararren mai gyara. A rubuta haka a takardar ɗaukar aiki. A buɗe wa wanda ya daɗe a kan inji hanyar zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na uku zuwa na ɗaya, kowane mataki da albashinsa, domin naira 70,000 da dokar 2024 ta yanke mafi ƙarancin albashi ne, watau na wanda bai iya komai ba tukuna.

Kada wani ya ce ba za ta yiwu ba. Ma'aikatan masana'antun Kano sun ajiye aiki a 1971 sai da aka biya su ƙarin Adebo. Jihar Kano ce, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin ƙasa duka ta bi a 1981.

Saura mu. Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati, mu ne gobe za mu riƙe littattafan nan, mu ne za mu zama jami'an ƙwadago da manajojin ma'aikata. Mu ne kuma, in za mu faɗi gaskiya, muka fi kowa zagi da kalmar, har mukan tsorata ƙannenmu da cewa in ba su yi karatu ba leburanci za su yi. Da yawanmu kuwa da kuɗin mutanen nan aka biya mana rajista. Gyara sai ya fara daga bakinmu kafin mu nemi ya kai littafin kamfani. Allah ya sa mu gane.