Jingina Bindiga Ba Ragwanci Ba Ne

Furucin da wani dattijon mafarauci ya yi a rediyo makon jiya, cewa duk wanda ya ɗora bindiga a kan sanda mai ƙafa uku ko ya rataya madubin hangen nesa ba ɗan dawa ba ne, mai kwaikwayon Turawa ne, ya samu karɓuwa a majalisun Sakkwato fiye da yadda ya cancanta. Baba, da girmanka, ba ka yi daidai ba. Irin wannan tunani ne ya bar mu da daji ba nama.

Mutum ya yi tafiyar yini cikin rana, numfashi sama-sama, hannu na rawa, iskar hunturu na kaɗa shi, sannan ya harbi gada daga tsaye. Sau nawa yake samun ta inda ya dace? Sai ya karya mata ƙafa, ta shige duhuwa, ta ruɓe a can, ba shi ga nama, ba ita ga rai. Wannan ake kira jarunta? A garin Shehu muke, inda yaran makarantar zaure suka san Risala ta karhanta farauta don wasa, kuma addini ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka.

Sandar nan ba kayan gayu ba ce, aiki gare ta. Tana tsayar da bindiga, tana tsayar da madubi, har mutum ya bambance namiji da mace mai ciki, ya bambance barewa da akuyar Bafillace, ya tabbata abin da ke motsi cikin gamba ba yaro ba ne mai neman itace. Mai shirin mallakarta ya duba abu huɗu. Tsawonta ya kai kafaɗarsa yana tsaye, don ciyawarmu doguwa ce. Ƙafafunta su zama masu tsini, su kama rairayi. Bakinta mai gwafa a naɗe shi da fata don kada ya yi ƙara, kuma katakon bindiga ake ɗorawa, ba ƙarfen ba. Ta zama marar nauyi, domin wadda ta gaji mai ita a gida ake barinta. Ta ƙasar waje mai makullai da yawa ƙura ke cinye ta, ƙarfenta kuma ba ya taɓuwa a zafin Afrilu. Gora uku miƙaƙƙu da robar tsohon tayu sun isa. Ko tukunya sai da duwatsu uku take zama daram.

Masu cewa kakanninmu ba su san wannan ba, ba su cancanci doguwar amsa ba. Kakanninmu ba su san fitilar goshi da babur ba, amma ban ji wanda ya yar da nasa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne bakin da ke kushe sanda ya yi gum a kan ƙonar daji. Kowace shekara da an gama girbi, sai a cika motoci da samari da karnuka da adduna, a banka wa daji wuta saboda gafiya da zomo. Ciyawar dabbobi ta ƙone, ƙwan zabi da na fakara su soye, ƙananan itatuwa su mutu, wani lokacin har da amfanin gonar talaka. A dawo da rana tsaka ana kiɗa da kirari, wani da sara a ka saboda rigimar wanda karensa ya fara kamu. Ina jimina? Ina ɓauna? Yaron Sakkwato a hoto yake ganinsu. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar: raƙuman dawan Kure ba su kai 50 ba a 1996, da aka tsare su suka haura 600. Haƙuri da lura suka kawo haka.

Hukuma ma ba ta fita ba. Dokar namun daji ta Arewa tana nan tun 1963, ta bindigogi tun 1959, amma ba a tuna mafarauci sai ana neman wanda zai shiga daji ya tari ɓarayi. Da aka kashe 'yan uwanmu mafarauta 16 a Uromi cikin Maris 2025, duk mun yi kuka, mun ce farauta sana'a ce mai daraja. To, sana'a mai daraja tana da ƙa'ida.

Kirana ga sarakunan baka da shugabannin mafarautan jihar nan: ku hana ƙonar daji, ku hukunta mai harbin mace mai ciki, ku koya wa yaranku su duba da kyau kafin su ɗana kunama. Idan kuka ƙi, jikokinku za su gaji bindiga da karnuka, su rasa abin farauta.