Daɓen sito mai sheƙi, da kwalbar asid da ta ci mini kuɗi

Wannan makon wani ƙanena a sana'a ne ya kira ni daga Lome. Ya kama sabon sito, irin mai daɓen simintin nan da aka goge har yana ɗaukar ido, yana tambaya da me zai riƙa wanke shi. Na ce masa kada ya sayi komai tukuna, ya fara jin abin da ya same ni a Kwatano.

Shekarun baya na bar tsohuwar mangazata ta kusa da kasuwar Dantokpa, na haye gada na kama wata a Akpakpa. Ranar da aka buɗe mini ƙofa, hasken fitila na gani kwance a ƙasa kamar an malala ruwa. Na ɗauka fenti ne. Mai wurin ya ce a'a, siminti ne zalla. Ya karɓi kuɗin ajiya, kuma a takardar haya an rubuta cewa ranar da zan tashi sai na mayar da wuri yadda na same shi. Na sa hannu, hankalina yana kan ƙarfin ƙofa da kwaɗo. Wa ke tunanin ƙasan da yake takawa?

Daga baya ne wani mai aikin daɓe ya fahimtar da ni yadda ake yin sa. Inji ne mai nauyi, da haƙora masu ɓarɓashin lu'ulu'u, yake cin fuskar simintin. Ana farawa da mai kaushi, a yi ta sauyawa zuwa mai laushi, lamba 400, 800, 1500, wani lokaci har 3000. A tsakani ana zuba wani ruwan magani da ake kira silikat, ya nutse cikin ƙananan ramukan simintin ya ƙara masa tauri. Ke nan sheƙin nan fatar simintin ce kanta. In ta salube babu gwangwanin da za ka sayo ka shafa, sai dai inji ya dawo, kuma injin ba ya zuwa kyauta.

To, wata rana jarkar manja mai lita 25 ta kuɓuce wa yarona ta fashe a tsakiyar sito. Suka sa buhu suka yi ta dirza, wato suka ƙara tura man cikin ƙasa, suka kuma yi shiru. Sai bayan kwana biyu na gani, ga jan tabo mai faɗin tabarmar sallah. Raina ya ɓaci, na aika aka sayo mini asid ɗin nan da ake wanke tayil da masai. Ni da hannuna na zuba. Nan take wurin ya hau kumfa yana tsuwa, ni kuwa ina cewa yara, kun gani, magani yana aiki. Aiki kam ya yi! Da ya bushe sai ga wurin ya yi fari fat, da kaushi kamar dutsen niƙa. Abin takaicin, jan manjan yana nan a ciki, don asid ba ya narkar da mai. Simintin ya ci. Kumfar da nake murna da ita, daɓen mutane ne yake narkewa a gabana.

Abin da ya kamata a yi tun farko ba shi da tsada. Mai ko wane iri ne, manja, man gyaɗa, baƙin man inji, a rufe shi nan take da garin katako ko tsumma ko yagaggen kwali ya tsotse, a kwashe, a sake zuba wani. Ba a dirzawa. Bayan nan a sa ruwan ɗumi da maganin cire maiƙo wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da siminti. Kuma ku gaya wa yaranku na shago cewa wanda ya zubar ya faɗa da wuri ba za a yi masa faɗa ba. Tsoron faɗana ne ya ba manjan nan kwana biyu.

Ba asid na kwalba kaɗai ba. Duk abu mai tsami yana barin alama idan ya kwana: lemun tsami, lemon kwalba, tumatirin gwangwani da ya huje, ruwan batir kuwa ba a magana. Masu sayar da takin zamani su ma su kula, domin wasu irinsa, musamman mai amoniyam salfet, in ya jiƙe a ƙasa yana cin siminti sannu a hankali.

Amma a gaskiya, asid sau ɗaya ya cuce ni. Wanda yake cuta kullum yashi ne. Kwatano gari ne da ke zaune kan yashi, haka Lome, ga kuma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Kowane ɗan dako ya shigo da buhu a ka, ya shigo da yashi a silifas. Kowace taya ta bi ta kai ta murza shi. Yashi da nauyi a kan daɓe daidai yake da takardar gugar kafinta. Ban ankara ba sai da na ga wata hanya dusu-dusu ta miƙe daga bakin ƙofa zuwa inda muke jibge shinkafa, gefe da gefe kuwa yana ta sheƙinsa.

Maganin wannan shara ce, kullum, kafin a buɗe da bayan an tashi. Tsintsiyar kwakwa tana kwashe manyan tarkace, amma ƙurar sai ta tashi sama ta dawo ta zauna. Mofa mai faɗi, busasshiya, ita ce ke kama ta. A shimfiɗa abin goge ƙafa mai kauri a bakin ƙofa, a riƙa kakkaɓe shi, a kuma share farfajiyar da mota ke tsayawa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne watsa ruwa a kan ƙasan da ba a share ba. Ka kwaɓa yashi da ruwa, ka sa mofa kana jan sa ko'ina, kana ganin tsafta kake yi.

Wajen wanki, ruwa mai tsafta yakan isa. In za a sa magani, a nemi wanda aka rubuta pH 7 a jikinsa, wato ba shi da tsami ba shi da kaifin soda. Garin sabulun wanki da muka saba barbaɗawa yana barin wani danƙo da ke dusashe haske, ya kama ƙura, in ya sha ruwa kuma ya yi santsi. Mutum ɗauke da buhu mai kilo 50 ya zame a nan, maganar ta wuce ta daɓe, ta koma ta asibiti da iyalin wani. Bokiti biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, kuma kada a bar ruwa ya kwanta ya bushe da kansa.

Sai taya. Duban layukan nan da aka yanka a daɓen, an yi su ne don in siminti zai tsage ya tsage a nan. Tayar ƙarfe in tana faɗawa ciki tana ɓantare bakinsu kaɗan-kaɗan, har ramin ya kai ya kifar da kaya. Na canja wa kurarmu taya zuwa ta roba, na kuma hana jan katakon ɗora kaya a ƙasa, don ƙusa guda da ta leƙo tana iya zana layi daga wannan bango zuwa wancan.

Abu na ƙarshe da sheƙi ke ruɗin mutum a kai shi ne laima. Daɓe yana iya zama a bushe a ido alhali danshi yana tasowa daga ƙarƙashi, balle a garuruwan bakin teku da ruwa ke kusa. Gwajin mai sauƙi ne: yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe, manna ta a ƙasa da salatif ta ko'ina, bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, to akwai danshi. Ko babu ma, shinkafa, sukari, fulawa da atamfa ba sa kwana a ƙasa kai tsaye. A ɗora su kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango.

Da na tashi barin wurin, mai gida ya zo da mai injinsa suka auna farin tabon da hanyar yashin, aka cire kuɗin gyara daga ajiyata. Kuɗin da na yi wa maiɗakina alkawarin za su tafi makarantar yara ne. Ba ta ce komai ba, sai dai ta tambaye ni nawa na sayi kwalbar asid ɗin.

Shi ƙanen nawa na Lome na ce ya ɗauki bidiyon daɓen lungu-lungu kafin buhu ɗaya ya shiga, ya tura wa mai gida ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna shaida. Sannan ya sayi mofa biyu, bokiti biyu, abin goge ƙafa, da buhun garin katako ya ajiye bayan ƙofa. Ya ce shi ke nan? Na ce saura ya binciki banɗakin sitonsa, in akwai kwalbar asid ya sa a mayar da ita gida.