Zancen Asusu: Wa ke riƙe da numfashinmu in an sa mu barci?

Yau za mu ajiye zancen zubi mu taɓa na madaciya. Tsakuwar madaciya ta fi kama mata, ta fi kuma yawa ga masu amosanin jini. Alamarta ciwo ne ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan cin maiƙo. In hoton ciki ya nuna ta, sau da yawa daga Filinge sai a ce a tafi Yamai a cire. A nan ne gaba ke faɗuwa, don abin da muka fi tsoro allurar barci ce: "In ban farka ba fa?" Sai a ranci kuɗin asusu a kashe wajen saiwoyi, tsakuwa tana nan daram.

To ga yadda abin yake. A Babban Asibitin Yamai ana yin fiɗar ƙananan huda: huda uku ko huɗu, a sa kyamara. Wani likita, Philippe Mouret, ya yi irinta a Liyon ta Faransa tun 1987. Don a ga wurin aiki, sai a hura iskar kabon cikin ciki ya kumbura. Kumburin nan yana tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, huhu ya matsu. Shi ya sa ake sa bututu a maƙogwaro, na'ura ta karɓi numfashi.

Na'urar iri biyu take aiki. Ko dai a auna mata yawan iskar da za ta tura kowane numfashi, kamar tiyar hatsi, a sa ido kada ƙarfin turawar ya yi yawa. Ko a ƙayyade ƙarfin, a sa ido ko iskar da ke shiga ta isa. Likitan barci ne ke zaɓa, yana zaune wajen kanki har a gama, kuma zaɓinsa ya danganta da abin da kika faɗa masa.

Nan ne kunyarmu ke cutar mu. Ki faɗa masa in kina da asma, ko tsohon tari, ko kin taɓa shan maganin tarin fuka. Minshari ma ki faɗa, ba wanda zai yi miki dariya. Shekarun da kika yi cikin hayaƙin murhu, juna biyu, maganin gargajiya, duk ya sani. In an ce kada a ci komai tun dare, har da fura, Inna, don fura abinci ce.

Bayan an farka akan ji ciwon kafaɗa da kaushin maƙogwaro. Na kafaɗar ragowar iskar ce, yakan wuce cikin ƴan kwanaki.

Wannan fiɗar ba ta cikin na kyauta kamar ta haihuwa. Ƙungiyoyin Bonkuku da kewaye, a taron mako mai zuwa mu duba akwatin taimako: zai ɗauki kuɗin mota na mutum biyu, marar lafiya da mai jinya?