Maganin wake ba na kan yara ba ne

A nan Dogo-Dogo ruwa yana wuya da rani. Shi ya sa kitson yarinya kan yi wata guda ba a tsefe ba. Zufa da ƙura da man shanu su taru a ƙarƙashi, sai ƙaiƙayi, sai ƙwarƙwata.

Abin da ya fi damunmu shi ne dabarar wasu iyaye. Sukan ɗebo maganin feshin wake ko fiya-fiya, su shafa wa yarinya a kai. Jama'a, wannan guba ce! Tana shiga jiki ta fata, balle inda susa ta yi rauni. Yarinya na iya yin amai da dalalar miyau da jijjiga, har ta rasa ranta. Ƙwarƙwatar kai kuwa ba ta kisa.

A ganinmu, kada kitson yara ya wuce sati 2. A tsefe, a wanke da sabulu, a taje da mataji mai ƙananan haƙora, kowace da nata. Makitsiya ta sassauta hannu, domin ja da ƙarfi na cinye gashin goshi.

In makero ne, a tafi gidan likita. Shafawa kaɗai ba ta kashe shi, sai an yi makonni ana shan ƙwaya.