Kama Maƙera: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk ranar da aka soke wani matashi a faɗan ƙauraye, ko aka ƙwace waya da wuƙa a bakin tasha, magana ɗaya ce ke tashi, daga teburin mai shayi har gidan rediyo: a kama maƙera, a hana su ƙera wuƙa da adda, kowa ya huta. A Kano an sha jin 'yan sanda sun kama maƙera bisa zargin ƙera wa 'yan daba makamai, yanzu kuma akwai masu son a kawo wannan salon Funtua da Malumfashi, har a ƙara da dokar hana ƙirar duk wani abu mai kaifi. A ganina wannan ra'ayi ragwanci ne, domin ya zaɓi wanda ya fi sauƙin kamawa ya ɗora masa laifin wanda aka kasa kamawa.

Mai wannan magana ya fara shiga maƙera ana gab da faɗuwar damina. Yaro na kan zugazugi, gawayi ya yi ja, maƙeri ya zaro guntun sifirin mota da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera yana bi da masaba. A gefe manoma sun yi layi: wannan garmarsa ta cinye, wancan ƙotar fartanyarsa ta tsage, wani lauje yake so. Da wannan ƙarfen ake noma masarar da ke cika kasuwar Dandume, da shi ake saran raken Danja, da shi ake shema a gonakin audugar Bakori da Kafur. Mahauci a nan yake sayen wuƙar fawa, wanzami askarsa, maigida wuƙar layya. Wace doka ce za ta iya raba addar sharar gona da addar ɗan ta'adda, alhali maƙeri ɗaya ne ya ƙera su a wuta ɗaya?

Sa'an nan mu tambayi kanmu abin da ke kashe mutane a wannan yanki. Waɗanda suka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba da wuƙar maƙeri suka zo ba. Waɗanda suka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agusta na 2025 bindigogi ne a hannunsu. Da yawan irin waɗannan bindigogi ta kan iyaka suke shigowa, da kuɗin fansa ake sayensu, kuma masu safararsu ba sa zama a rumfar kasuwa suna jiran a zo a kama su. Maƙeri kuwa kullum yana inda aka san shi, ba shi da lauya, ba shi da ubangida a Abuja.

Mun riga mun ɗanɗana irin wannan magani na hana kowa don a kama mutum ɗaya. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Malumfashi, ta hana sayar da fetur a jarka, bayan haka aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua. Mai tunkiya ɗaya ya rasa inda zai sayar ya kai matarsa asibiti, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira agaji. Daga baya aka sassauta matakan, 'yan bindiga na nan daram. A cikin shekarar 2021 ɗin kuma gwamnan da kansa ya shawarci jama'a su nemi makami su kare kansu. To, talakan da aka ce ya kare kansa, a hana shi ko da adda, da me zai tsaya a ƙofar gidansa?

Masu ra'ayin hani kan kafa hujja da ƙasashen Turawa. Gaskiya ne, a 1958 Amurka ta hana safarar wuƙa mai maɓalli, wadda ake dannawa ta fito da kanta, tsakanin jihohinta, Ingila ta bi sahu a 1959. Amma me ya biyo baya? Jihohin Amurka da yawa sun janye nasu hanin. Ingila kuwa har a 2024 tana ƙara wasu wuƙaƙe cikin jerin haramtattu, alhali wadda aka fi kashe mutane da ita a can ita ce wuƙar yanka albasa da ke kowane gida. Ko a nan, wuƙa mai maɓallin da ake gani a aljihun samari ba ƙirar gida ba ce. Daga waje ake shigo da ita a kwali, ana baje ta a faifan 'yan koli, babu mai tambaya.

Wannan ba ya nufin duk maƙeri wankakke ne. Akwai wanda yaro ɗan shekara 17 zai zo masa da hoto a waya, ya ce a ƙera masa mai tsawon kamu ɗaya, mai haƙora a baya, da kuben da zai ɓoye a ƙugu, shi kuwa ya karɓi kuɗi ya hura wuta. Wannan ya san ba kuɓewa za a yanka da ita ba. Irin wannan ƙira, da fate-fate ko barandamin da aka yi wa matashin da bai da gona bai da garke, maƙerin kirki ya ƙi su ko da babu dokar da ta ce ya ƙi. Wanda ya yi kuma a hukunta shi, shi kaɗai, da sunansa da laifinsa. Batun bindiga ma dokar makamai ta 1959 ta riga ta hana ƙera ta ba tare da izini ba, sai dai a yi aiki da ita.

Hanyar tantancewa tana hannunmu tun kaka da kakanni. Garuruwanmu suna da Sarkin Maƙera, kuma ya san 'yan sana'arsa gida-gida, ya san wanda ke aiki da rana da wanda ke hura wuta bayan isha'i. A zauna da shi da hakimi da baturen 'yan sanda na yanki, da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023. A rubuta sunayen maƙera, kowa ya riƙa buga tambarinsa a jikin abin da ya ƙera, a fayyace irin ƙirar da aka hana. Idan aka tsinci wuƙa a wurin aika-aika, tambarin zai nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

In kuwa aka bi ta kame da hani, sakamakon a bayyane yake. Maƙerin kirki zai rufe rumfa don tsoron beli, mugun zai koma bayan gari ya ninka farashi, manomi ya sayi fartanyar kanti da tsada. Mai son a ga yana aikin tsaro ya nufi hanyoyin da bindiga da harsashi ke bi suna shiga dajin Rugu, ya kama masu kai su. A can ne aikin yake, kuma shi ya sa ake gudunsa.