Ɗinkin Hula A Gwange: Jari Ake Buƙata, Ba Ƙarin Horo Ba

Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar Gwange da ke birnin Maiduguri bayan sallar la'asar, da wuya ya fita bai ga mata da 'yan mata zaune bisa tabarma a ƙofar gida ko a inuwar darbejiya ba, kowacce riƙe da allura da ƙyalle mai zane, tana cike shi da zare sannu a hankali. Abin da ke hannunsu shi ne hular nan da ake gani a kan sarakuna da gwamnoni da attajirai ranar Sallah, daga Kano zuwa Abuja, har Yamai da Njamena. Sai dai idan aka bi sawun kuɗin da mai saye ya biya, tun daga shagon da ya ɗauki hular har zuwa tabarmar da aka ɗinka ta, za a tarar cewa wadda ta fi kowa daɗewa a kan aikin ita ce ta fi kowa ƙarancin rabo.

Sana'ar dai ba sabuwa ba ce a ƙasar Barno. Hular da ake kira zanna, ana danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, wanda ya riƙe muƙamin ministan kasuwanci da masana'antu na tarayya a Jamhuriya ta Farko. Garin Bama kuwa, mai nisan kimanin kilomita 70 daga Maiduguri, ya yi suna wajen ɗinki mai kyau har sunansa ya zama sunan hular kanta. Idan ba a manta ba, a watan Satumba na 2014 ne 'yan Boko Haram suka kame Bama, jama'arta suka kwararo Maiduguri, wasu aka sauke su a sansanoni, wasu suka raɓa a gidajen dangi da ɗakunan haya a cikin unguwanni. Manomi ya bar gonarsa, mai shago ya bar shagonsa, amma mai ɗinkin hula ta taho da sana'arta a hannu, domin allura ba ta da nauyi. Sojoji sun ƙwato garin a watan Maris na 2015, an fara mayar da mutane a 2018, gwamnatin jihar kuma ta shiga rufe sansanonin cikin birni daga 2021, amma sana'ar ta riga ta kafu a Maiduguri, maƙwabta sun koya, 'ya'yan maƙwabta ma sun koya.

A cikin waɗannan shekaru ƙungiyoyin agaji da hukumomin gwamnati sun mayar da ɗinkin hula ɗaya daga cikin sana'o'in da suke koya wa zawarawa da 'yan gudun hijira. Niyyar mai kyau ce, kuma babu mai musun cewa ta hana gidaje da yawa bara. To amma duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan masu sayar da abu suka ƙaru, masu saye ba su ƙaru daidai da su ba. Kowane rukunin mata da aka yaye aka ba su takardar shaida, ƙarin hannaye ne da za su nemi aiki a wurin 'yan kasuwa ƙalilan ɗin da dama su ke sayen hular. Wadda ta ƙi ladan da aka yanka mata, ta san akwai wasu a bayanta da za su karɓa. Wato horon da aka yi domin a ɗaga masu ɗinki, shi ne kuma ke danne ladansu ba tare da kowa ya nufi haka ba.

Hula guda takan bi ta hannu da yawa kafin ta hau kai. Akwai mai zane da ke fitar da fasalin a kan ƙyalle, sai mai ɗinki, sai mai haɗa jikin hular da samanta, sai mai wanki da zai sa mata sitaci ya ɗora ta bisa gungumen itace ya buge ta har ta tsaya tana ƙyalli, sa'an nan dillali da mai shago. Mai zane da mai wanki aikinsu na sa'o'i ne ko na yini. Mai ɗinki kuwa makonni take yi, in hular mai ƙananan ɗinki ce ma a shafe wata guda ko fiye. Lissafin ba shi da wuya: tun watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne a wata, don haka hular da ta ci wata guda sai ladanta ya kai wannan adadi kafin a ce mai ɗinkin ta kamo ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Kowa a cikin harkar ya san ladan da ake biya ko kusa bai kai nan ba. Ba a ma sa ciwon ido da ciwon baya a lissafin ba, balle 'yan matan da allura ke raba su da aji.

Dalilin wannan rauni shi ne rashin jari. Da yawa daga cikin matan ba su da ƙyallen ba su da zaren. Ɗan kasuwa ne ke kawowa, ya karɓi hula ya biya lada. Wadda ta yi ƙoƙari ta sayi nata kayan kuwa, tana kammalawa sai ta sayar a ranar, ko nawa aka taya, domin tukunya na jira. Alhali hula kaya ce mai lokaci: kasuwarta na tashi ne gabanin Sallah ƙarama da babba, da lokacin bukukuwan aure, da kakar siyasa. Mai kuɗi yakan saya lokacin da kasuwa ta kwanta, ya adana, ya fito da ita cikin azumi. Bambancin farashin nan ladan jira ne, kuma mai abincin gobe ne kaɗai ke iya jira. Daɗin daɗawa, zare mai kyau daga waje ake shigo da shi, don haka lokacin da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin zare ya bi ta. Zuwa banki kuwa ba zance ba ne, ganin cewa Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, kuma hular da ba a gama ba babu bankin da zai karɓe ta jingina.

Wasu kan ɗora laifin duka a kan dillali, amma adalci bai yarda da haka ba. Shi ne ke zuba kuɗinsa a zare wata da watanni kafin ya ga ko kwabo, shi ke ɗaukar asarar hular da aka ɓata ko wadda yayinta ya wuce, shi ke bin hanyar Damaturu da kaya zuwa Kasuwar Kurmi ta Kano, shi kuma ya san kalar da matasan Abuja ke nema a bana. Idan aka kore shi yau, gobe hulunan za su taru a ɗaka. Abin da ya kamata shi ne mai ɗinki ta sami ƙarfin da za ta yi ciniki da shi, har ta iya cewa albarka.

Shi ma ɗan kasuwar ba a kan tudu yake ba. A ranar 26 ga Fabrairu, 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, babbar kasuwar birnin. Sa'an nan a ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale sassan Maiduguri, Gwange kuwa da ke gaɓar kogin Ngadda tana cikin unguwannin da suka fi shan wuya. Ga mai ɗinki, ƙyallen da ta yi mako uku a kansa shi ne ajiyarta ta banki, kuma sau da yawa ma ba nata ba ne, bashi ne a wuyanta. Babu inshora, babu rajista, babu wata takarda da za ta nuna a ce ga abin da ruwa ya ci. Shekara 30 kafin nan, a 1994, ruwan Alau ya taɓa yin irin wannan ɓarna, saboda haka ajiye kayan sana'a a ɗakunan da ke bakin kogi ganganci ne da bai kamata a maimaita ba.

Akwai kuma wata dukiya da ake bari a banza, wato sunan kansa. A yau kowa na iya kiran hularsa 'yar Bama, ko da inji ne ya buga ta cikin mintoci. Mai saye da bai ƙware ba, da ya ga biyu sun yi kama sai ya ɗauki mai araha, ta hannu kuwa dole ta sauko ta same ta. Mutanen tsibiran yammacin Sikotilan sun fuskanci irin wannan matsala da yadinsu na ulu mai suna Harris Tweed, har majalisar Birtaniya ta yi masa doka a 1993, wadda ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai mazauna tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, kuma akwai hukumar da ke duba shi ta buga masa hatimi. Ba sai Barno ta jira sabuwar doka ba kafin ta fara: dokar alamun kasuwanci ta Nijeriya ta 1965 ta tanadi rajistar alamar da ke shaida ingancin kaya da asalinsa. Ƙungiyar masu ɗinki da 'yan kasuwa na iya rajistar irin wannan alama, ta kasa huluna daraja-daraja bisa ƙanƙantar ɗinki da ingancin zare, ta yanka mafi ƙarancin lada ga kowace daraja. Wahalar ba a rajistar take ba, a tsare gaskiya take, domin ranar da aka buga hatimin a kan hular inji saboda sanayya, ranar alamar ta mutu.

Kuɗin da ake kashewa wajen hayar zauren taro da abincin mahalarta horo, da an mayar da shi asusun zare mai juyawa, da ya fi amfani. Matan nan sun saba da adashi, sun san mai biya da mai cinyewa a tsakaninsu fiye da kowane jami'in banki. A ba rukuninsu zare da ƙyalle a farashin sari, a samar da ɗakin ajiya a kan tudu inda mace za ta kai hularta a rubuta, a ba ta wani kaso na kuɗin nan take, ragowar kuma bayan an sayar a lokacin da kasuwa ta tashi. Wannan aiki ne da ma'aikatar kasuwanci ta jihar da hukumar SMEDAN za su iya tsayawa a kai, amma attajiran Maiduguri da na Kano sun fi kowa cancantar shiga, ba don sadaka ba, sai don wanda ya riƙe amintattun masu ɗinki shi zai riƙe manyan masu saye. Mai niyyar gwadawa kuma ya lura da kalanda: hular da za a sa ranar ƙaramar Sallah, dole zarenta ya isa Gwange tun cikin watan Rajab.