Gishirin Miya da Ruɗewar Tsufa

A nan Pélébina, in tsoho ya fara mance sunan jikokinsa, sai mu ce tsufa ne, wasu ma su ce jifa. Alhali likitoci sun gano hawan jinin da aka ƙyale tun mutum yana ɗan shekara 40 yakan lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, har ruɗewa ta biyo baya. Yawan gishiri kuwa yana ingiza shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya ci giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. To, uwargida, dunƙule nawa miyar sakwararki take ci, ban da gishirin? A gidana mun koma daddawa. Yara suka yi mita mako guda, suka saba.